Darasin Wannan Mako: Tsohuwar Mota, A Gyara Ko A Yi Musaya?

 Darasinmu na yau a kan mota ne, watau motar neman abinci wadda ta tsufa a hannun mai ita, ta fara yawan kwana a gareji, har ya rasa abin da ya fi masa: ya sake zuba mata kuɗi, ko kuwa ya kai ta wurin dillali ya ba da ciko ya karɓo wata. Ba motar ƙawa muke nufi ba wadda ake zuwa ɗaurin aure da ita. Muna nufin a-kori-kura da J5 da Hiace da Golf da Canter, masu kwasar buhu daga Dawanau, da kwandon tumatir daga Kwanar Gafan, da albasa da awaki daga kasuwannin ƙauye. Irin wannan mota jari ce kamar yadda rumfa take jari, saboda haka da lissafi ake yanke mata hukunci. Kuma za ku gani a gaba cewa mota ɗaya, ciwo ɗaya, amma amsar mai hatsi dabam, ta mai kayan gwari dabam.

Za ka ji wasu suna cewa, in kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin motar, to a rabu da ita. Wannan ƙa'ida daga ƙasashen Turawa ta zo, kuma can tana da dalilinta, domin a Amurka da Ingila da awa ake biyan makanike, sau da yawa ladan aikin yakan fi ƙarfen da aka sa tsada. A nan kuwa abin a juye yake: hannu da araha, ƙarfe da tsada, ita mota kuma ta fi duka tsada. Wanda ya ɗauko ƙa'idarsu ya ɗora a kasuwarmu ya auna hatsi ne da mudun wani gari. Tambayar da ta kamace ka ita ce: daga yau zuwa shekara biyu, nawa wannan hanya za ta ci mini, nawa waccan za ta ci?

Akwai kuma masu cewa, "Ai bara na kashe mata kaza, bana ma na kashe kaza, yaya zan sayar da ita yanzu in yi hasarar duk wannan?" Malam, wannan kuɗi ya tafi. Ko ka riƙe ta ko ka sayar ba zai dawo ba, kuma mai saye ba zai biya ka kuɗin giyabos ɗin da ka sa bara ba, abin da idonsa ya gani yau shi zai taya. Amfanin tuna tsohon gyara guda ɗaya ne: ya gaya maka abin da yake sabo a jikinta, wanda ba zai dame ka nan kusa ba.

Kafin mu shiga lissafi, mu waiwayi baya kaɗan, domin abin da ya faru ga iyayenmu yana da karatu a ciki. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna, kuma a shekarun nan ɗan kasuwa mai rufin asiri yana iya sayen Fijo sabuwa fil, in ta yi shekara huɗu ko biyar ya sayar ya ɗauki wata. A 1986, zamanin mulkin Janar Babangida, aka kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, aka koma ga na hannu masu zuwa daga Turai, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. Wanda ya sayar da tasa a lokacin da niyyar ya tara ya sayi sabuwa, da yawa ba su sake riƙe makullin sabuwar mota ba. Wanda ya riƙe 504 ɗinsa kuwa ya ci gaba da morarta, gama ko da Faransa ta daina ƙera ta a 1983, Kaduna ba ta daina ba har bayan shekara ta 2000, kayan gyaranta kuma ko a ƙauye ana samu. Haka aka sake yi a zamaninmu: farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500.

Ga abin lura a nan. In naira ta faɗi, tsohuwar motarka ma takan yi kuɗi, har ka ji daɗi ka ce ai ta fi yadda na saya. Amma wadda kake so ka saya ita ma ta hau, kuma ratar da ke tsakaninsu ita ce ke cizo. Alal misali taka miliyan 3 ce, waccan miliyan 8, ciko miliyan 5 ke nan. In komai ya ninka, taka ta zama 6, waccan 16, ciko ya zama 10. Ka yi arzikin miliyan 3 a baki, ka yi nisa da sabuwar mota da miliyan 5 a aljihu. Don haka kada ka sayar da ta hannunka sai ka riga ka ga wadda za ta maye gurbinta, kun yi ciniki. Sayar da mota a ajiye kuɗi ana jiran a ga mai kyau, nan ne mutane da yawa suka koma hawan haya.

To, wane ciwo ne mai warkewa, wane ne na ajali?

Yawancin mutane inji suke tsoro, alhali inji shi ne mai sauƙin magani. In salansa tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, baƙin mai kuma yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, inji yana shan mai ke nan, galibi ringi ne ya cinye, garambawul yake so. In hayaƙin baƙi ne, fetur ne ya yi wa iska yawa, a duba kafireto ko injekta da matatar iska, wannan ƙaramin aiki ne. In fari ne mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, ruwan lagireto kuma yana ƙarewa, ko ka zaro sandar awon mai ka ga ya koma kamar shayi mai madara, to gaskit ya ƙone, ruwa da mai sun haɗu, a tsaya nan take kada a ƙara tafiya. In kuwa ƙara ce mai nauyi daga ƙasan inji kamar ana buga guduma, fitilar mai tana kamawa, metal ne da karanshaf, inji ya kusa bugawa. Duk waɗannan suna da farashi sananne a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Ikko. Mafi munin abin da zai faru shi ne a sauke inji a ɗora wani. Haka giyabos, haka kuloci, haka aksul: ƙarfe ne da ake kwancewa da sifana.

Abin da ba a kwancewa da sifana shi ne shasi. Shi ne ƙashin bayan mota, komai a kansa yake rataye. In tsatsa ta ci shi har kana soka sukudireba yana shiga, ko ya tsage wajen da sifirin ke kamawa, ko hatsari ya lanƙwasa shi har motar tana tafiya a karkace tana cin taya gefe ɗaya duk da an yi mata saiti, to a nan ne shawararmu take a rabu da ita, ko da injinta yana kaɗawa kamar agogo. Mai walda zai ce maka zai liƙe, kuma zai liƙe ɗin, amma mota mai ɗaukar lodi wadda aka yi wa faci a ƙashin baya, ran da za ta karye ba za ta yi sallama ba, kuma akwai rayukan mutane a ciki. Motocinmu na Arewa suna da sa'a a wannan fanni, domin ƙasarmu busasshiya ce. Wadda ta daɗe a bakin teku, ko ta zo daga ƙasashen sanyi inda ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, ita ce abar dubawa ta ƙasa. Mu abin da ke cin namu ƙura ce: matatar iska ta yage ba a kula ba, ƙurar hunturu ta shiga ta goge fistin kamar an sa masa yashi.

Na biyu a ciwon ajali shi ne rashin kayan gyara. Motar da ƙarfenta sai an aika Ikko ko Nnewi a jira mako biyu, ko makanike ɗaya ne ya san ta a duk garin, ta zama kaya ko da lafiyarta ƙalau. Wannan kuma ya shafi wadda za ka saya fiye da wadda za ka bari. Motocin baya-bayan nan suna da kwamfuta a ciki da wayoyi barkatai, in ta tsaya maka a dajin da ke tsakanin Mokwa da Jebba, yaron makanike mai fulaya da sifana goma sha biyu ba abin da zai iya yi mata. Ka je tasha ka ga irin motar da direbobin hanyarka suka fi ja. Ba don kyau suka zaɓe ta ba.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa, ko da makanikai za su ji haushi. Motoci da yawa da ake cewa sun tsufa, ba tsufa ba ne, gyaran gangar Auzinawa ne ya kashe su. A cire ɗan ƙarfen nan mai tsare ruwa har inji ya ɗumama, wanda suke kira tamosta, a haɗa fanka kai tsaye wai don kada ta yi zafi, sai inji ya riƙa aiki da sanyi yana shan fetur yana cin kansa. A zuba baƙin man durom wanda ba a san asalinsa ba. A sa ƙarfen jabu don ya fi araha, bayan wata biyu a sake saye. Kafin ka yanke wa mota hukunci, kai ta wurin makanike na biyu wanda bai san na farko ba, kada kuma ka gaya masa abin da aka ce maka. In bakinsu ya zo ɗaya, to. Wani lokaci ba mota ce ke son canji ba, gareji ne.

Yanzu ga lissafin. Ku ɗauko takarda. Lambobin da za mu kawo misali ne kawai don a gane hanya, ba farashin kasuwa ba ne, kowa ya sa nasa.

Mu ce kana da bas ta ɗaukar kaya, shasinta lafiya, inji ya gaji. Makanike ya ce a ɗora wani inji, da kuloci da lagireto, naira 1,200,000. Dillali kuma yana da wata mai ƙarancin shekaru a kan 7,500,000, ya ce zai karɓi taka a 2,000,000, ka cika 5,500,000. Kada ka tsaya nan. Duk motar hannu da ka saya tana da kuɗin shiga gida: la'ada, canjin takardu, juye, batir, taya, bel ɗin tayimin wanda ba ka san ranar da aka sa shi ba. Mu sa 600,000. Musaya ta tashi 6,100,000.

Sai mu bi su wata 24. Tsohuwar, bayan babban gyara, mu ce ƙananan gyare-gyare suna cin 60,000 a wata, ya zama 1,440,000. Tana kwana uku a gareji kowane wata, kuma duk ranar da ba ta fita ba kana rasa 30,000, ko balas ɗin da ba a kawo ba ko kuɗin hayar wata motar, ya zama 2,160,000. Wannan shi ne kuɗin da mutane ba sa rubutawa, don ba daga aljihu yake fita ba, shiga ne bai yi ba. Sa'an nan fetur: mu ce tana fin waccan sha da lita 80 a wata. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, lita 80 ba abin tada hankali ba ce. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. In mun sa 1,000, ya zama 1,920,000 a wata 24. Haɗa duka da kuɗin inji: 6,720,000. In bayan shekara biyun za ta sayu a 2,500,000, abin da ta ci maka 4,220,000 ne.

Ita kuwa sabuwar: 6,100,000, da gyara 25,000 a wata watau 600,000, da zaman kwana ɗaya a wata watau 720,000, jimla 7,420,000. In za ta sayu a 6,000,000 bayan shekara biyu, abin da ta ci maka 1,420,000 ne kacal.

Da ganin haka sai ka ce shi ke nan, musaya ta yi nasara da nisa. Dakata tukuna, Alhaji. Ina za ka samo kuɗin cikon? Gyara 1,200,000 yake so, musaya 6,100,000, bambanci 4,900,000, kuma daga cikin jari za ka zare shi. Da ma'aikacin albashi ne da ba mu yi wannan magana ba, amma kai kuɗinka aiki yake yi. In kowace naira 100 ta jarinka tana kawo maka naira 3 a wata, to 4,900,000 ɗin nan da ta kawo 147,000 kowane wata, a wata 24 ya zama 3,528,000. Ɗora shi a kan sabuwar mota: 4,948,000. Ka ga yanzu tsohuwar ta fi sauƙi da 728,000. In kuwa kuɗinka ba ya juyawa sosai, naira 1 yake kawowa cikin 100, to 1,176,000 ne za ka ɗora, jimla 2,596,000, musaya ta fi da nisa. Mota ba ta canza ba, makanike bai canza ba, dillali bai canza ba. Kasuwarka ce ta ba da amsa.

Ba a nan kaɗai sana'a ke shiga ba. Mun sa ranar zama a 30,000, amma wannan ga mai hatsi ne. Buhun masara ko wake in mota ta lalace da shi a hanya, a rufa masa tamfol ya kwana uku, ba abin da zai same shi in ba ɓarawo ba. Mai tumatir fa? Daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 ta Ikko tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kaya kuma tun daga gona suka fara mutuwa. In mota ta tsaya kwana biyu cikin rana, ba balas ɗin kwana biyu ya rasa ba, lodin ne gaba ɗaya, wani lokaci har da kuɗin mutanen da suka ba shi amana. Haka mai kifi, haka mai kankana, haka mai dabbobi, musamman ana gobe jajibirin Babbar Salla, lokacin da rago in ya makara kwana biyu farashinsa ya zube. Irin waɗannan, lalacewa ɗaya a shekara ta isa ta cinye duk ribar da lissafin can ya nuna. A ganinmu mai kayan gwari na doguwar hanya ya riga mai hatsi rabuwa da tsohuwar mota, ko kuma ya sauke ta daga doguwar hanya ya bar ta tana jigila tsakanin gona da kasuwa, inda in ta tsaya amalanke ma ta ƙarasa. Wannan hanya ta uku mutane sukan manta da ita, alhali sau da yawa ita ce mafi dacewa ga wanda yake da hali.

Da bashi fa? In sai ka ciwo bashi za ka cika, to ka sa abin da za ka biya a kai cikin lissafi, ka kuma tuna cewa mai bashi ba ruwansa da damina ko kasuwa ta kwanta. Tsohuwar mota in ba kuɗin gyara ka jingine ta a ƙofar gida har Allah ya hore. Bashi ba ya jinginuwa.

Abu biyu ka auna da kanka kafin ka cika takardar nan, kada ka yi kintace. Fetur: cika tanki fal, yi tafiyarka da ka saba da lodin da ka saba, ka dawo ka sake cikawa, litar da ta shiga ita ce shan motarka. In dillali ya yarda, yi wa tasa haka. Na biyu, ranakun zama: ka sa yaronka ya riƙa rubuta duk ranar da mota ba ta fita ba, da dalili. Wata uku ya isa ka ga gaskiya. Wani zai tarar motar da yake zagi kwana ɗaya take zama a wata, sauran direba ne ke zuwa biki.

In lissafi ya nuna gyara, to a yi shi gaba ɗaya, kada a yi na ɗiga-ɗiga. Wanda ya ɗora inji mai kyau a kan tsohon lagireto da ya toshe, wata uku zai sake ƙona gaskit. Wajen sayen injin Beljiyam, ka tafi da makanikenka, a rubuta kwanakin gwaji a rasit, in ya yi hayaƙi ko ƙara cikin kwanakin a mayar. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, domin lambar da ke takardunka ta tsohon ce, kuma za a tambaye ka a hanya. A kuma zaɓi lokaci: mai hatsi ya gama gyara kafin kaka, mai kayan lambu kafin sanyi ya shigo, ba sai kaya sun taru a gona ba a ce mota tana kan jak.

In kuwa musaya ce, ga inda ake zamewa. Dillali ya san kana son a yaba motarka. Sai ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai ta kai miliyan 3," ka ji sanyi a ranka, alhali ya riga ya ɗora miliyan ɗayan a kan tasa. Kada ka dubi kuɗin da aka yi wa taka, kada ka dubi na tasa, ciko kawai za ka duba. Hanyar gane gaskiya ita ce ka raba cinikin biyu: ka aika wani ya taya tasa da kuɗi hannu kamar ba shi da mota, kai kuma ka kai taka wurin mutum biyu ko uku su taya. Galibi in ka sayar da kanka za ka fi samu, domin shi dillali sai ya bar wa kansa wurin riba da kuɗin gyaran da zai yi mata, wannan kuwa haƙƙinsa ne, ba zalunci ba ne. Abin da musaya ke saya maka shi ne lokaci: ka shiga da mota ka fito da mota, ba ranar da kayanka suka kwana a ƙasa. Ka san nawa ka biya wannan sauƙin, in ya yi maka, bismilla. Motar da shasinta ya mutu kuma, ka tambayi masu yanka mota su sayar da ita ƙarfe-ƙarfe, wani lokaci inji da giyabos da ƙofofi da gilasai a rarrabe sun fi ta kuɗi a haɗe.

Wajen duba wadda za ka karɓa, je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka taɓa inji ka ji da sanyi, sa'an nan a tayar a gabanka. Injin da aka ɗumama kafin ka zo yana ɓoye hayaƙi da ƙara da wuyar tashi. Duba baƙin mai, in ya yi kauri kamar zuma, wataƙila an zuba ne don a rufe bakin metal. Bi jikinta da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa a bodin ƙarfe an cike da fila, an taɓa bugawa ke nan. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka sansana, ka duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa da busasshen taɓo, domin ana kawo motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, a wanke su a yi musu kwalliya, bayan 'yan watanni wayoyi su fara hauka. Kada ka yarda da lambar tafiya da ke kan agogo, ana mayar da ita baya. Dubi yadda sitiyari da feda da kujerar direba suka goge. Taya kuma tana da ranar haihuwa a gefenta, lamba huɗu a jere: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya mai zane ƙalau amma ta shekara bakwai, sa kuɗin sabuwa a lissafinka. Daga nan a shiga rami a duba ta ta ƙasa, a kuma ɗora mata lodi a hau tudu da ita. Dillalin da ya hana ka ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya ba ka amsa.

Sai takardu, kuma a nan tsohuwar motarka tana da wata daraja da ba a sa mata kuɗi: ka san asalinta. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa, kuma motoci da yawa sun bi ɓarauniyar hanya aka yi musu takardun bogi. In kwastan suka tare ka, ba ruwansu da cewa kai saye ka yi. Lambar shasi ta motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau galibi harafi da lamba 17 ce. Ka karanta ta a jikin ƙarfe da idonka, ka gwada da ta takardar kwastan da ta shaidar mallaka ɗaya bayan ɗaya, in ka ga alamar an goge an sake bugawa, tashi ka bar wurin. A je ofishin kwastan a tabbatar an biya diyuti kafin ka ba da ko kafin alƙalami. A rubuta yarjejeniya da shaidu, da sunan mai motar na ainihi, ba na dillali kaɗai ba. Taka da ka bayar ita ma a rubuta rana da sa'ar da ta bar hannunka, a kuma canza suna, domin in aka yi ɓarna da ita gobe, sunan da ke takarda shi za a nema.

Ku kuma 'yan'uwanmu dillalai, da ku masu kawo tsohuwar mota musaya, magana ɗaya ce ta haɗa ku. Malamanmu sun bayyana cewa ɓoye aibin haja bai halatta ba, kuma mai saye yana da ikon mayar da ita in ya gano aibin da aka rufe masa wanda ya riga ciniki. Wanda ya zuba mai mai kauri ko ya shafe tsagar shasi da baƙin fenti ya san abin da ya yi. A faɗi ciwon, a rage kuɗin, a rubuta shi cikin takardar ciniki cewa mai saye ya gani ya yarda. In an yi haka, ko an je gaban sarkin dillalai ko gaban alƙali, takardar ce za ta yi magana.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki mas'alar ba direba mota a kan balas da ba shi a kan biya-ka-mallaka.